Vim da Bram Moolenaar: Amsoshin tambayoyin da ɗalibaina suka fi yi mini

Na daɗe ina koyar da aikin kwamfuta a wani ɗan aji da ke Tudun Wada, nan Kaduna. Duk wanda ya zauna kusa da ni ya ga baƙin allo, ya ga rubutu yana gyaruwa alhali hannuna bai je kan linzamin kwamfuta (mouse) ba, sai ya yi tambaya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, tun daga ɗan Poli mai shirin kammala difloma har zuwa wata Hajiya da ta yi shekaru tana buga tafireta a ofis kafin ta yi ritaya. Su na tattara a nan. Wasu amsoshin gajeru ne. Wasu kuma na saki baki, musamman inda magana ta zo kan mutumin da ya ƙera wannan manhaja ta Vim, don ina jin yana bi na bashin godiya.

Malam, wai mene ne Vim ɗin nan?

Manhaja ce ta rubutu da gyaran rubutu tsagwaronsa, wato haruffa zalla, babu ado, babu launin takarda, babu hoto. Da irinsa ake rubuta manhajoji, ake gyara fayilolin saitin sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima), kuma da shi wasunmu ke rubuta labari ko darasi kafin a kai inda za a ƙawata shi. Abin da ya bambanta Vim shi ne komai da maɓallan rubutu ake yi. Tafiya cikin rubutu, gogewa, kwafa, nema, adanawa, duk ba sai ka ɗaga hannu ba.

Je ka Kasuwar Barci ka tsaya bayan gwanin tela. Ƙafarsa na kan keke, hannayensa biyu na kan yadi, idonsa na kan allura. Da a ce duk bayan ɗinki kaɗan sai ya saki yadin ya miƙa hannu gefe ya juya wani abu, da kafin la'asar bai gama riga ɗaya ba. Miƙa hannu zuwa linzami shi ne wannan sakin yadin.

Na shiga ban sani ba, yanzu na kasa fita. Yaya zan yi?

Kwantar da hankalinka, ba ka ɓata komai ba. Danna `Esc`. Sai ka rubuta `:q!` ka danna `Enter`, ka fita ke nan ba tare da an adana abin da ka taɓa ba. In kana son a adana, `:wq` za ka rubuta. In kuwa ka ga a ƙasan allo an nuna yana naɗar abin da kake dannawa, danna `q` sau ɗaya tukuna.

Yawanci Git, manhajar da masu rubuta manhaja ke adana tarihin canje-canjensu da ita, ita ce ke jefa mutane ciki, lokacin da ya buƙaci su rubuta bayanin canjin da suka yi. Ba kai kaɗai ba ne. A 2017 kamfanin Stack Overflow, mai shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, ya sanar cewa tambayar yadda ake fita daga Vim ta kai an duba ta sau miliyan 1.

Me ya sa in na danna harafi ba ya rubutawa, sai ma ya yi wani abu daban?

Domin Vim yana da yanayi-yanayi, kamar giyar mota. In ka buɗe shi, a yanayin umarni yake, kowane harafi umarni ne. Ka danna `x`, ya goge harafin da manuni, wato ɗan abin nan mai ƙyaftawa a allo, ke kai. Ka danna `u`, ya dawo da shi. In kana son rubutu sai ka danna `i`, ka shiga yanayin rubutu, ka rubuta abin da ke ranka, ka danna `Esc` ka koma. Akwai yanayin zaɓe, da `v` ake shiga, sannan akwai layin ƙasa da ke buɗewa da `:`.

Mutane na ganin wannan a matsayin juya abu a baibai. Ni kuwa ina ganin a nan hikimar take. Ka lura da kanka wata rana in kana aiki a kan wata takarda. Lokacin da kake zuba sababbin kalmomi kaɗan ne. Sauran duk karatu ne, komawa baya, cire wannan, matsar da wancan, sauya kalma. Gyara ya fi sabon ɗinki yawa. To Vim sai ya ba gyara gadon tsakiya, ya ce mafi kusancin maɓallai da yatsunka su zama na aikin da ka fi yi.

Hajiyar nan da na ambata ta riga samarin ajin fahimtar wannan. Yatsunta sun san mazauninsu tun zamanin tafireta, ba ta kallon hannunta. Mako biyu kacal ta ce mini, “Ɗana, wannan ai na masu buga rubutu ne na gaskiya.” Wanda bai iya buga rubutu ba tare da kallon maɓallai ba, shawarata ya fara koyon wannan kafin ya zo kan Vim.

Me ya kawo h, j, k, l? Ba ga kibiyoyi nan ba?

Gado ne. Kakan Vim shi ne vi, wanda Bill Joy ya rubuta a 1976 yana ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Na'urar da yake aiki da ita, ADM-3A, ba ta da maɓallan kibiya daban. A kan h, j, k, l aka zana kibiyoyin, kuma `Esc` ɗinta yana inda `Tab` yake a kwamfutocinmu na yau, kusa da ƙaramin yatsa. Ga kuma layin sadarwa mai tafiyar hawainiya, wanda ya sa dole kowane umarni ya zama gajere. Ƙunci ne ya haifi tsarin, kuma mu nan da ke fama da raunin sabis mun san darajar abin da aka ƙera cikin ƙunci.

Kibiyoyi suna aiki a Vim, ba wanda ya hana ka. Amma ga yadda nake koya wa ɗalibai: `h` hagu, `j` je ƙasa, `k` koma sama, `l` kuma shi ne na ƙarshe a dama, don haka dama yake kai ka.

Yallaɓai, an ce sai an haddace umarni ɗaruruwa. Ni kaina ba ya riƙe hadda.

Wanda ya faɗa maka haka bai kama bakin zaren ba. Ba hadda ba ce, yare ne, yana da aikatau yana da abin da aikin ya faɗa wa. Kuma abin daɗi, da yawa daga cikin haruffan sun zo daidai da Hausa. `d` datse, `c` canja, `b` baya da kalma ɗaya, `s` sauya, `n` na gaba a cikin abin da kake nema. Ka ƙara `w` na tsallaka kalma zuwa gaba, `y` na kwafa, `p` na ajiye abin da ka kwafa ko ka datse.

Yanzu haɗa su. `dw` datse kalma. `d3w` datse kalmomi 3. `db` datse kalma ta baya. `cw` canja kalma. `dd` datse layi, `5dd` datse layi 5. `dap` ɗauke sakin layi gaba ɗaya. `ci"` canja duk abin da ke tsakanin alamun zance, ko a ina manuni yake a cikinsu. Ka ga duk sabon aikatau da ka koya zai yi aiki da duk motsin da ka riga ka sani, kamar yadda yaro in ya koyi “sayo” ba sai an sake koya masa “sayo gishiri” da “sayo kalanzir” daban-daban ba.

Sai kuma ɗigo, `.`, wanda ni a wurina shi ne sarki. Yana maimaita gyaran da ka yi na ƙarshe. Ka gyara wuri ɗaya, ka danna `n` ka je na gaba, ka danna `.`, shi ke nan.

Bari in ba ka misalin da ya faru a gabana. Wata ɗaliba da ke aiki a wata makarantar Islamiyya a Unguwar Sanusi ta zo da jerin lambobin wayar iyayen yara, kowace a layinta, duk sun fara da sifili, ana so su fara da +234. Ta yi niyyar bin su ɗaya bayan ɗaya. Muka rubuta `:%s/^0/+234/` muka danna `Enter`. Kafin ta sauke numfashi an gama. Tun daga ranar ba ta sake tambaya ta amfanin abin ba.

To wane ne Bram Moolenaar?

Mutumin ƙasar Holan ne, an haife shi a 1961 a garin Lisse. Ya karanta injiniyancin lantarki a jami'ar fasaha ta Delft, ya kammala a 1985. A 1988 ya sayi kwamfuta ƙirar Amiga. Ya saba da vi, ya nema a sabuwar kwamfutarsa bai sami wanda ya gamsar da shi ba. Sai ya ɗauki wata ƙaramar manhaja mai kwaikwayon vi da ake kira Stevie ya fara gyara ta don amfanin kansa. Daga nan abin ya faro.

Ranar 2 ga Nuwamba 1991 ce ranar sigar farko da ta fita ga jama'a, siga ta 1.14. A kan faifan fulofi aka rarraba ta, cikin jerin faya-fayan manhajojin kyauta da Fred Fish ke tattarawa don masu Amiga. Da farko ma'anar sunan ita ce kwaikwayon vi. Da ya zarce abin da yake kwaikwaya, sai aka mayar da ma'anar ta zama vi da aka inganta. A 1992 ya isa Unix, tsarin tafiyar da kwamfuta wanda a kansa aka fara yin vi. Siga ta 5 a 1998 ta kawo launuka masu bambanta sassan rubutun manhaja. Ta 6 a 2001 ta kawo naɗe sassan fayil da tsarin adana haruffa na UTF-8, wanda ta dalilinsa ne nake rubuta ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa yau ba tare da sun koma alamar tambaya ba. Ta 7 a 2006 ta kawo duba kuskuren rubutu. Ta 8 ta fito a 2016, ta 9 a 2022.

Daga 2006 zuwa 2021 ya yi aiki da Google a ofishinsu na Zurich, a Suwizalan, amma bai saki Vim ba. Fiye da shekara 30 yana karanta ƙorafin mutane, yana duba gyaran da suka aiko, yana haɗawa. Kowane gyara yana da lambarsa, da layi mai faɗin matsalar, da layi mai faɗin maganinta, da sunan wanda ya taimaka. Dubbai ne irin waɗannan. In ka zauna ka karanta jerinsu za ka ga halin mutumin fiye da yadda kowane tarihi zai nuna maka: ba hayaniya, ba cika baki, yau kaɗan gobe kaɗan.

Ya rasu ranar 3 ga Agusta 2023 yana da shekara 62. Iyalinsa ne suka sanar bayan kwana 2, suka ce rashin lafiya ce da ta tsananta cikin 'yan makonni.

Na buɗe Vim na ga ana maganar yaran Yuganda. Me ya haɗa su?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini.

A 1994 Bram ya tafi aikin sa kai a wata cibiyar yara da ke Kibaale, wani ƙaramin gari a kudancin Yuganda kusa da iyakar Tanzaniya. Yankin ya sha fama da cutar ƙanjamau, ta kwashe iyaye ta bar marayu a hannun kakanni da yayye waɗanda su ma yara ne. Aikin ruwan sha da tsafta ya yi a can. Da ya koma gida bai bar abin ya zama labarin tafiya kawai ba. Ya kafa gidauniya mai suna ICCF Holland don tara wa cibiyar kuɗin makaranta da magani da abinci, kuma ya riƙa komawa yana duba yadda abubuwa ke tafiya, yana rubuta rahoton ziyararsa.

Sai ya yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Vim kyauta ne, kowa na iya ɗauka, ya duba yadda aka gina shi, ya gyara, ya raba. Bram bai sa masa farashi ba. Abin da ya yi kawai, a allon farko in ka buɗe Vim babu fayil, ya sa ɗan layi yana roƙon a taimaki yara matalauta a Yuganda. Ba ya toshe maka aiki, ba ya ƙirga maka kwanaki, ba ya sake fitowa ya dame ka. Kana fara aiki ya ɓace. In ka ji daɗin kayan kuma kana da hali, ga inda mai kayan yake so ladan aikinsa ya tafi.

Akwai ma abin da ya fi wannan. A wani lokaci masu amfani da Vim suna aika masa kuɗi don ya samu sukunin zama ya yi aiki a kansa. Da ya sami aikin albashi, sai ya sanar cewa kuɗin nan ma daga yanzu Yuganda za su riƙa tafiya. Rubuta `:help uganda` ka karanta da kanka, bayanin na cikin manhajar.

Ka yi tunanin yawan kwamfutocin da wannan layi ya bayyana a kansu, a manyan kamfanonin Amurka, a jami'o'in Turai da Asiya, a shagunan gyaran waya irin na titin Ahmadu Bello. Mutum ɗaya ya sami fili mafi daraja a cikin aikinsa, wurin da wani zai sa tallar kansa, ya ba marayun wani ƙauyen Afirka.

Kawu, kana maganarsa kamar wani ɗan'uwanka. Ka taɓa ganinsa ne?

Ban taɓa ba, ko wasiƙa ba ta taɓa haɗa mu ba. Amma kusan kullum sai na yi awanni hannuna a kan aikinsa, da shi na ci abinci, da shi na biya kuɗin makarantar 'ya'yana, kuma bai taɓa karɓar ko kwabo daga gare ni ba. A unguwa in wani ya haƙa rijiya ya bar ta a buɗe ga kowa, ko ba ka san fuskarsa ba, ranar da aka ce ya rasu sai ka ji a jikinka. Haka na ji. Ina aji ranar da labarin ya iso ni. Na buɗe Vim babu fayil, na ga sunansa a allon farko inda yake kullum, na kasa ci gaba da darasi na ɗan lokaci.

An koya mana tun muna yara cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Kuma a garin nan, Musulmi da Kirista, babu wanda bai san matsayin mai kula da maraya ba.

Ba shi da aibi ke nan? Me ya sa wasu suka ɓalle suka yi Neovim?

Ɗan Adam ne. Yana da tsananin taka-tsantsan, ba ya son sabon abu ya karya wa tsohon mai amfani saitinsa, kuma kusan komai sai ya bi ta hannunsa kafin ya shiga. Wannan ya kare Vim daga lalacewa, amma ya sa wasu gyare-gyare suka daɗe suna jira, masu gaggawa suka gaji. A 2014 Thiago de Arruda ya ɗauki tushen Vim ya fara Neovim, jama'a da yawa suka bi shi, suka tsabtace tsohon gini, suka ba Lua, wani harshen rubuta manhaja, babban matsayi wajen saiti. Lasisin Vim ya ba su damar yin haka. Gasar ta kuma amfani kowa, domin siga ta 8 ta zo da damar gudanar da wani aiki a bayan fage ba tare da allo ya tsaya ba, ɗaya daga cikin abubuwan da aka daɗe ana nema.

Wanne za ka ɗauka? Duk abin da na koyar a sama iri ɗaya ne a cikinsu. Ni ina nan kan Vim saboda sabo da kuma ƙauna. Ɗalibaina matasa da yawa sun fi son Neovim, ban taɓa hana su ba.

Zan iya rubuta Hausa da shi, da ƙugiyoyinta?

Sosai, kuma a nan ne nake ganin marubutanmu na asarar abin da ba su sani ba. Hanya ta farko, kana yanayin rubutu ka danna `Ctrl-v`, sai `u`, sai lambar harafin: 0199 na ƙ, 0257 na ɗ, 0253 na ɓ. Manyansu kuma 0198, 018a da 0181. Wannan na wucin gadi ne, ba wanda zai rubuta littafi haka. Hanya mai ɗorewa ita ce ka buɗe fayil ɗin saitinka, `.vimrc`, ka zuba waɗannan:

`set encoding=utf-8`
`inoremap ;k ƙ`
`inoremap ;d ɗ`
`inoremap ;b ɓ`

Ka yi wa manyan haruffa irin haka. Daga nan duk lokacin da ka buga `;k` da sauri sai ƙ ya fito. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y, lambarsa 01b4. Vim ya san dangantakar ƙaramin harafi da babbansa, in ka ɗora manuni kan ɗ ka danna `~` zai koma Ɗ. In kuma kana shakkar wane harafi ne a gabanka, `ga` zai nuna maka lambarsa.

Ga wani aiki da na sha yi wa mutane. Tsofaffin rubuce-rubuce da aka buga lokacin da babu ƙugiya a kwamfuta, inda ake sa k' da d' da b'. Umarnin `:%s/k'/ƙ/gc` zai bi fayil ɗin duka. Kar ka cire `c` ɗin ƙarshe, shi ke sa ya tambaye ka kafin kowane canji, domin kalma irin “duk” in ta zo a ƙarshen zance mai alama ɗaya, za ta iya komawa “duƙ” ba ka sani ba.

Duba kuskuren rubutu ma yana yiwuwa. Ka tara jerin kalmomin Hausa a fayil, kowace a layinta, ka ba `:mkspell` ya gina maka ƙamus, sannan duk sabuwar kalmar da ka tabbatar daidai ce ka danna `zg` a kanta ta shiga. Masu Ajami da Larabci kuma akwai `:set rightleft` da `:set arabic`, amma gaskiya haɗuwar haruffa da wasulla ta dogara da irin allon da kake aiki a kai, kuma ba a nan Vim ya fi ƙarfi ba.

In aka ɗauke wuta ina tsakiyar aiki fa? Batirin kwamfutata ya mutu tuni.

Rabin kwamfutocin ajinmu haka suke, ana ɗauke wuta suke mutuwa. Vim yana ajiye wani ɓoyayyen fayil a gefen wanda kake gyarawa, sunansa na ƙarewa da `.swp`. Duk bayan haruffa 200 da ka buga, ko in ka tsaya na daƙiƙa 4, sai ya zuba abin da ka yi a ciki. In wuta ta dawo, buɗe baƙin allon nan da ake ba kwamfuta umarni ka rubuta `vim -r` da sunan fayil ɗinka, zai dawo maka da aikin. Ka duba, ka adana, sannan ka goge tsohon `.swp` ɗin don kar ya riƙa yi maka gargaɗi.

A watan Oktoba 2024, lokacin da Arewa ta yi kwanaki cikin duhu, da ɗan ƙaramin janareto muke aiki, mai tsayawa duk lokacin da ya ga dama. Ban rasa ko shafi ɗaya na darussan da nake rubutawa ba.

Ƙara `set undofile` a saitinka, sai tarihin gyaranka ya tsira ko ka rufe fayil ka dawo gobe. Kuma gwada `:earlier 10m`, zai mayar da rubutun yadda yake minti 10 da suka wuce.

Kwamfutata tsohuwa ce, ta hannu na saya. Zai yi a kanta? A waya fa?

Zai yi. Abin da aka fara ginawa don Amiga ba zai gagari kwamfutarka ba. In kwamfutarka na aiki da tsarin Ubuntu ko danginsa, rubuta `sudo apt install vim`. A Mac yana nan tun daga kanti. A Windows ka sauko da gVim, ko kuma in ka sa Git ya zo da shi. A wayar Android ka sa manhajar Termux, mai ba ka baƙin allo a waya, ka rubuta `pkg install vim`, in ka haɗa da ɗan allon maɓallai na Bluetooth ka sami ofis a aljihu. Ba ya cin data bayan saukarwa, littafin bayaninsa duka yana cikinsa. Na sha yin aiki da shi a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, a wuraren da sabis ke ɗaukewa gaba ɗaya.

Zan rubuta kundin kammala karatuna da shi? Zai sa in sami aiki?

Kundin da malaminka ke so a tsarin Word, da tazarar layi da teburori da shafin sa hannu, yi shi a Word ko LibreOffice. Kar ka wahalar da kanka. Ba kuma wanda zai ɗauke ka aiki don ka iya Vim kawai.

Amma in hanyarka ta bi ta kula da sabar ko hanyoyin sadarwa, wata rana za ka shiga wata na'ura daga nesa, babu linzami babu taga, kuma abin da za ka tarar shi ne vi ko ɗaya daga cikin 'ya'yansa, domin yana cikin ƙa'idar POSIX da tsarukan Unix ke bi. Ranar ba ranar koyo ba ce. In kuma ka saba da wani editan rubutu irin VS Code, ba sai ka bar shi ba, akwai ƙarin da ke sa masa maɓallan Vim, haka ma manhajojin JetBrains suna da IdeaVim.

Yanzu da ya rasu, Vim zai mutu ne?

A'a. Christian Brabandt, wanda ya daɗe yana ba da gudummawa, shi da wasu suka karɓi ragamar. A farkon Janairu 2024 suka fitar da siga ta 9.1, suka sadaukar da ita ga Bram. Gyare-gyare na ci gaba da fitowa, da lambobinsu, a tsarin nan nasa na matsala da magani.

To Malam, ta ina zan fara?

Rubuta `vimtutor` a baƙin allo. Darasi ne na kusan minti 30 wanda kake koyo kana gyara shi kansa darasin. Yi shi yau, ka sake jibi, ka sake mako mai zuwa. Kar ka kwafo dogon saitin wani daga intanet, kar ka cika shi da ƙare-ƙare tun ba ka san asalinsa ba. Makon farko za ka ji kamar an ɗaure maka hannu, aikinka zai ragu. Wannan kowa ya bi ta nan.

Bram da kansa, a wata maƙala da ya rubuta a 2000, ya ba da hanya mai hawa 3: ka lura da abin da kake yawan maimaitawa, ka nemo hanyar da ta fi sauri, ka mayar da ita ɗabi'a. Umarni ɗaya a lokaci guda. In ka gaji, rubuta `:smile` ka ga abin da ya ɓoye maka.

Ni ma na amfana. Me zan yi in saka?

In kana da halin aika kuɗi waje, bi bayanin da ke `:help uganda` a sabuwar siga. In babu, ba na jin mutumin da ya bar Turai ya je haƙa wa marayu ruwa zai ƙi ka duba na kusa da kai. Akwai yara a Rigasa da Kawo da Kakuri da aka koro saboda kuɗin makaranta, kuma ka san gidan aƙalla ɗaya.

Akwai kuma aikin da ya fi dacewa da mu. An fassara `vimtutor` zuwa harsuna fiye da 20, burina in ga Hausa a cikinsu. Ni da ɗalibai huɗu mun fara zama ranar Asabar bayan la'asar muna fassara darasin farko. Mun yarda da “yanayi”, mun yarda da “maɓalli”. Inda muka tsaya shi ne sunan ɗan abin nan mai ƙyaftawa a allo. Ni na ce manuni, kamar yadda na yi ta rubutawa a nan. Hajiya ta ce a'a, tsinke ya kamata a kira shi, irin wanda almajiri ke bin baƙi da shi a kan allo. Asabar mai zuwa za mu yanke.